Damin Baƙo a Birnin Sansami

A zamanin Sarki Arzika na Birnin Sansami, wata shekara da gero ya yi albarka har mutane suna neman inda za su zuba, manzon Sarkin Kwargam ya iso ƙofar gari da hantsi bisa farar taguwa. Bai yi wa masu tsaron ƙofa sallama ba, bai nemi ruwan sha ba. Wani ƙunshin fata ya rungume a ƙirji, ya ce a kai shi gaban Sarki. Kafin taguwar ta durƙusa a ƙofar fada, labari ya riga ya haye ganuwa ya iske Tunau a gona.

Tunau shi ne Sarkin Noman Dogon Marke, lokacin da akwai garin da ake kira Dogon Marke. Sarki Gagarau na Kwargam ya aiko a ba shi samarin garin su yi masa yaƙi, dattawa suka ce ba su da 'ya'yan bayarwa, sai ya zo da kansa da bazara ya cinna wa garin wuta. Waɗanda suka tsira suka faɗa daji. Ƙishirwa ta kwashe na kwashewa, tsofaffin da ƙafa ta gaza musu aka bar su a gindin itatuwa suna kallon bayan 'ya'yansu. Da yake babu wani mai sarauta da ya rage sai Tunau, shi ya shige gaba har suka zube a ƙofar Sansami suka ce mafaka suka zo nema.

An karɓe su, in dai wannan ake kira karɓa. Aka ba su fili a bayan ganuwa, gefen majema, inda warin fata ke hana ko kare zama. Ba sa ɗibar ruwa a rijiya sai 'yan gari sun gama, ba sa baza kaya a kasuwa, in sun yi mutuwa kuwa sai su kai gawarsu can nesa da maƙabartar birni. 'Yan bayan ganuwa ake ce musu, manya da yara. Tunau ya haɗiye duk wannan saboda abu guda, wato al'adar damin baƙo. Tun kafuwar Sansami, duk wanda ya gudo aka ba shi gona, ya shuka, ya girbe, ya kawo damin farko ƙofar fada, aka sussuka, aka daka, aka dama fura Sarki ya sha, to ya zama ɗan gari. Ko wa ya biyo sawunsa ba a miƙa shi. Amma kafin a sha furar nan baƙo ne kawai, Sarki na iya yin yadda ya ga dama da shi.

A nan ne Tunau ya yi wautar da manomi kaɗai ke iya yi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Sarkin Baƙi Mayau, wanda kula da duk mai shigowa ke hannunsa, ya kawo musu irin gero, ya ce su shuka shi domin shi ke saurin nuna. To amma matan Dogon Marke sun fito daga wuta da abu guda ƙulle a bakin zane, irin maiwarsu, farar maiwa mai zaƙi da suka gada daga kakanni. Sun sha yunwa a hanya har suna tauna ganye, ba su taɓa ta ba. Tunau ya dubi irin nan, ya ga shi kaɗai ya rage na garinsu, in kuma ya shekara a tsumma ƙwari za su gama da shi. Sai ya yi wa Mayau godiya, ya sa aka dafa geron aka ba yara, aka shuka maiwa. Kowa ya san maiwa ba ta da gaggawa, sai gero ya kusa shiga rumbu take tuna za ta fid da kai. Shi ma ya sani, ya fi kowa sani, amma ya ɗauka Gagarau ya manta da su.

Ranar da manzon ya zo, maiwar ba ta daɗe da yin bununi, wato fure, ba. Tunau na tsaye yana murza wata zangarniya tsakanin yatsu sai ga Mayau ya ratso gonar, ya tattare riga.

"Sarkin Noma, wanke ƙafa ka biyo ni, ana nemanka a fada."

"Lafiya dai, Sarkin Baƙi?"

"Da lafiya ce ai da aike zan yi." Mayau ya dubi gonar ya girgiza kai. "Da ka ji maganata, bawan Allah, da yau daminka na ƙofar fada."

Ba a bar Tunau ya shiga tsakiyar majalisa ba. Nan bakin ƙofa aka nuna masa, inda ake zube takalma, ya durƙusa. Manzon Kwargam ya kwance ƙunshin fata a gaban Sarki. Abu biyu ne a ciki, naɗaɗɗiyar igiyar rama da kibiya guda.

"Ubangijina Gagarau, Sarkin Kwargam, mai ƙasa daga dutse har bakin gulbi, yana gaida ɗan'uwansa Arzika," in ji manzon. "Ya ce mutanen Dogon Marke nasa ne, da takobi ya same su, sun tsere sun fake a inuwarka. In ka ɗauki igiyar nan, a ɗaure su da ita a kai masa, zumunci na nan yadda yake. In ka ɗauki kibiya, shi zai zo ya kwashe su da kansa, kuma ba su kaɗai zai tafi da su ba."

Sarki ya ɗaga yatsa, aka fita da manzo zuwa masauki. Madawaki Barau, shugaban mayaƙan Sansami, shi ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki, ni ban ga abin shawara a nan ba. Bana ya aiko da igiya domin baƙinmu, baɗi zai aiko da ita domin 'ya'yanmu. Gidan da aka shiga aka janye baƙo a gaban maigida, wane ne zai sāke jin tsoron ƙofarsa? Ka ɗauki kibiya, ka bar ni da shi a mashigin gulbi."

Sai Galadima Cindo ya gyara zama. Tsoho ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga harshe a majalisa ba, ba a kuma taɓa kayar da shi a shawara ba. Irinsa ne in ya fara yabonka sai ka duba bayanka.

"Madawaki ya yi magana irin ta maza, Allah ya ƙara masa ƙarfin zuciya. Amma, ranka ya daɗe, dawakin Gagarau sun ninka namu, ganuwar yamma ta zube tun tsakiyar damina ba a ɗora ta ba, rabin hatsinmu yana gona. In matan Sansami suka tambaye mu don wa mazansu suka mutu, me za mu ce? Don mutanen da ba mu san inda kakanninsu ke kwance ba? Tausayi abu ne mai kyau, amma gari aka ba ka riƙo, ba duniya duka ba."

Magajiya Gwamma, yayar Sarki, wadda ita kaɗai ce mace mai wurin zama a majalisa, ta buga sandarta a ƙasa.

"Galadima, ka manta damin baƙo ne? Kakan kakanka da ƙafa ya shigo garin nan, da tabon igiya a wuyansa. Rabin masu rawanin da ke zaune a ɗakin nan daga bayan ganuwa kakanninsu suka fito. Da an miƙa su, wa zai zauna yau yana ba Sarki shawara?"

"Ranki ya daɗe, ban manta ba, ni ne ma mai tunawa," in ji Galadima, a hankali. "Kakana ya kawo dami. Waɗannan fa, ina nasu? Al'ada dami ta ce, ba ta ce niyya ba."

Sarki ya ɗaga ido ya hango Tunau cikin takalma. "Kai ne babban baƙin? Matso. Yaushe hatsinku zai nuna?"

Tunau ya rarrafa ya faɗi. Ya so ya yi ƙarya, amma gona a fili take, ko makaho ya shafa zai gane.

"Allah ya ja zamaninka, maiwa ce. In an ƙara samun ruwa, raɓa ta biyo baya, farkon sanyi za a yanke ta."

"Maiwa!" in ji wani daga cikin fadawa, dariya ta zaga ɗakin. Kunya ta rufe Tunau, amma ya tuna ba da bakinsa kaɗai yake magana ba.

"Ranka ya daɗe, wautata ce, ni na sa aka shuka ta. In laifi ne a ɗaure ni ni kaɗai a kai wa Gagarau. Mutanen nan sun ga yadda yake yi da wanda ya ce masa a'a. Maza a rataye, mata da yara a kasuwa. Ba mu roƙi gida a cikin birni ba, ba mu roƙi rijiya ba. Lokaci kawai muke roƙo, gwargwadon abin da hatsi ke bukata ya ƙosa."

Sarki Arzika ba mugu ba ne, kuma da mugu ne da an san abin da za a yi da shi. Mutum ne mai son kowa ya fita daga gabansa yana sa masa albarka. Ya dubi igiya, ya dubi kibiya, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce a riƙe manzo da tuwo da nama da kyakkyawar magana har maiwa ta nuna, Madawaki kuma ya tafi ya tsare mashigi. Tunau ya koma bayan ganuwa ya faɗa wa mutanensa, matarsa Hakama ta rangaɗa guɗa, karo na farko tun da suka bar gida.

Washegari da safe aka ga shamuwar da ke sheƙa a kan kukar fada sun tashi gaba ɗaya sun nausa kudu. Masu duba suka yi ta zane a ƙasa, wani ya ce alamar nasara ce, wani ya ce ta mutuwar babban mutum. Tunau bai bukaci mai duba ba. Manomi ya san shamuwa ba ta tafiya sai damina ta ƙare. Ya ɗaga kai ya ga sama fes, ga maiwa na jiran ruwa.

Manzon ma ba yaro ba ne. Ya ci tuwon kwanaki, sannan ya ce zai zaga da taguwarsa ta miƙe ƙafa. Ya bi ta bayan ganuwa, ya tsaya ya ƙare wa maiwa kallo, ya yi wa wani majemi tambayoyi kaɗan, daga nan bai koma masauki ba. Ba a jima ba 'yan leƙen asiri suka iso a guje, suka ce rundunar Kwargam ta taso.

Tunau ya tara duk wani namiji na Dogon Marke da ke iya jan baka ko ɗaga gatari, har da ɗansa Korau, wanda shi kaɗai wuta da daji suka bar masa, ya kai su wurin Madawaki. Aka karɓe su hannu bibbiyu, aka kuma jera su a sahun gaba, a ƙasa, bakin ruwa. A nan kam ba wanda ya ce sai 'yan gari sun fara.

Madawaki ya dogara ne da gulbi, yana zaton ruwa zai tilasta wa maƙiya su bi ta mashigi ɗaya. Amma tun da ruwan sama ya ɗauke gulbin ya janye, inda dā ke cin mutum yanzu bai wuce gwiwar doki ba. Da rana ta ɗaga aka ji tambura da ƙaho, 'yan lifidin Kwargam suka faɗo ruwa ta ko'ina. Mutanen Dogon Marke suka yi ta sakin kibau har suka ƙare, suka koma saran ƙafafun dawaki da gatari. Sun yi faɗa irin na wanda ba shi da wurin gudu. Madawaki Barau ya kutsa tsakiya yana kirari, aka ga farin rawaninsa yana sama yana ƙasa, can aka daina ganinsa. Da faɗuwarsa rundunar Sansami ta juya. Tunau ya ga mashi ya shiga ƙirjin Korau a cikin ruwa, bai samu ko ya jawo gawarsa ba, turmutsutsun masu gudu ya tafi da shi.

Gagarau ya kafa sansani inda ake hango hayaƙinsa daga kan ganuwa. Majalisa ta sāke zama, wurin Madawaki babu kowa. Magajiya ta yi magana har muryarta ta dushe. Ta ce mutanen da suka zubar da jininsu a mashigi domin Sansami sun kawo abin da ya fi dami. Galadima ya sunkuyar da kai ya yi wa mamata addu'a, sannan ya ce al'ada ba ta ambaci jini ba. Abin da ya fi damun Sarki shi ne kada maiwar nan ta nuna Gagarau na bakin ƙofa, a kawo masa dami a gaban jama'a, ya rasa yadda zai ƙi sha. Galadima ya matso ya yi masa raɗa. Da azahar sanƙira ya yi shela cewa dawakin da suka dawo daga yaƙi suna bukatar ɗanyen abinci, Sarki ya ce a sake su a gonakin bayan ganuwa. Ka ji yadda ake yanka al'ada ba tare da an taɓa ta da wuƙa ba.

Tunau na zaune ƙofar bukkarsa, sai ya ji ƙarar karyewar kara. Dawaki ne cikin maiwa, suna fizgar zangarniya suna tattake saura. Mata suka fito suna kururuwa, suna kora da zannuwansu, barori na dukansu da bulala. Hakama ba ta yi kuka ba, hawayenta sun ƙare a kan Korau. Ta ɗauko magirbi ta danƙa masa a hannu.

"Tashi, Sarkin Noma. Yanki abin da ka samu ka kai. In za su ƙi mu, su ƙi mu da dami a gabansu."

Ya shiga tsakanin dawaki yana zaɓen zangarniyar da ta fi nauyi, ya ɗaure dami, ya ɗora a ka. Masu tsaron ƙofa suka so tare shi, suka tuna ba a tare mai ɗauke da damin baƙo, suka kauce. Ya ratsa kasuwa, mutane suka bi shi shiru har ƙofar fada. Ya sauke damin ya faɗi.

"Allah ya ja zamanin Sarki, baƙonka ya noma ƙasarka, ga daminsa."

Dole Sarki ya fito. Magajiya da kanta ta sa aka kawo turmi, ta tuɓe mayafi ta karɓi taɓarya, tsohuwar da rabonta da daka tun tana budurwa. Ta zuba zangarniya ta daka. Abin da ya fito ƙaiƙayi ne da wani farin ruwa kamar nono, ƙwaya ba ta riga ta yi ƙarfi ba. Ta sa hannu ta kwaso, ta dunƙula ko zai kama, ya zube ta tsakanin yatsunta. Ta sāke dunƙulawa, ya sāke zubewa. Ta juyo wurin ƙaninta, hannu faca-faca.

"Arzika, ko lasa ka yi. Don darajar wadda ta haife mu, ko lasa ka yi."

"Ranki ya daɗe, fura al'ada ta ce," in ji Galadima.

Sarki ya kawar da kai daga yayarsa. Ya ce a miƙo masa ƙunshin Kwargam, ya sa hannu ya ɗauki igiya.

Aka tattara mutanen Dogon Marke a wani shinge cikin birni, wannan ne karon farko da suka kwana a cikin ganuwar Sansami. Kwanaki suka yi ta wucewa ana kai da komowa tsakanin fada da sansanin Gagarau kan yadda za a miƙa su da abin da za a haɗa da su na ban haƙuri. Kowace safiya Tunau kan shafa ƙasa ya ji ta jiƙe da raɓa, ya tuna da maiwarsu.

Ranar miƙawa, Mayau aka sa ya ɗaure su, tun da baƙi a hannunsa suke. Shi da ya tarbe su da ruwa a ƙwarya, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zarga igiya a wuya, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Aka fito da su ta ƙofar da suka fara zubewa. Mahayan Kwargam na jira a bakin gonakin, Mayau ya miƙa wa babbansu bakin igiya, Galadima ya shaida, aka buga tambari a kan ganuwa.

Hanya ta bi da su ta gefen majema. Gonakin duk sun zama tattakakken kara da kashin doki, sai ɗan lungu guda daf da ramukan jima, inda wari ya hana dawaki zuwa. Maiwa na tsaye a nan, zangarniyoyi sun yi fari sun cika. Tunau ya miƙa hannu yana wucewa ya ɓanɓaro 'yan ƙwayoyi, ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Ta yi ƙas a haƙorinsa, zaƙin garinsu ya cika masa baki.

Ya tsaya cak har igiya ta shaƙe na bayansa. "Sarkin Baƙi!" ya ƙwala kira. "Sarkin Baƙi, ta nuna! Wallahi ta nuna, zo ka ciza ka ji!"

Mayau ya ji. Ya tsaya a bakin ƙofar gari, ya ba su baya.

"Na riga na miƙa igiya, Sarkin Noma," in ji shi, bai waiwayo ba.

Mahayin Kwargam ya fizgi igiya, layin ya motsa. Hakama ta buɗe bakin zanenta daga bayansa, Tunau ya zuba mata sauran ƙwayoyin, ta ƙulle kamar yadda ta ƙulle ranar da suka fito daga wuta. Ba ta tambaye shi a gonar wa za a shuka su ba. A bayansu aka ji an turo ƙyauren ƙofar Sansami an rufe.